Ɓataccen Birni a Fim: Ga Wa ya Ɓata?

Duk wanda ya kalli biyu ko uku daga cikin irin finafinan nan ya san yadda tafiyar take. Tsohuwar taswira ta fito daga hannun mamaci, Bature mai malafa da bindiga ya shige gaba, 'yan dako marasa suna na biye. A ratsa hamada ko ƙungurmin daji, a rasa mutum biyu a hanya, kusan kullum cikin 'yan dakon, sai a leƙa ta bakin wani kogo a ga birni mai ginshiƙan dutse, zinari jibge. Ni ba na ƙin waɗannan finafinai. Mintunan farko na Raiders of the Lost Ark, wanda Steven Spielberg ya fitar a 1981, gwaninta ce zalla: Indiana Jones ya tsaya gaban gunkin zinari yana shafa haɓa, ya jinjina jakar yashi a hannu, ya rage kaɗan, ya musanya ta da gunkin cikin ƙiftawar ido, sai ɗakin ya kama rushewa, wani ƙaton dutse ya biyo shi. Wanda gabansa bai faɗi a nan ba, barci yake yi. Amma gunkin nan yana da masu shi, kuma suna tsaye a waje da makamansu.

Salon ya girmi Hollywood. A 1885 H. Rider Haggard, Baturen Ingila da ya yi aikin mulkin mallaka a Natal da Transvaal, ya buga King Solomon's Mines, labarin maharbi Allan Quatermain da ya bi taswirar da wani ɗan Fotugal ya zana da jininsa, zuwa ma'adinan da aka jingina wa Annabi Sulaiman. Haggard ya tarar da maganar tana yawo ne. A 1871 Bajamushe Karl Mauch ya isa kufan da ake kira Babban Zimbabwe, ya ga ganuwar duwatsu da aka jera ba laka ba siminti, tsayinta ya kai mita 11 a wasu wurare, sai ya ce ai wannan fadar Bilkisu ce, sarauniyar Saba. A 1891 Theodore Bent ya tone wurin da tallafin kamfanin Cecil Rhodes, ya ce Finikiyawa ne ko Larabawa suka gina. Kowa ma ya gina an yarda, ban da Shonawan da ke noma a gindin ganuwar.

Masu binciken kufai sun rufe wannan gardama da wuri. David Randall-MacIver a 1905, sannan Gertrude Caton-Thompson a 1929, duk sun nuna ginin na 'yan Afirka ne. Kakannin Shonawa suka ɗaga shi, tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Gwamnatin tsirarun fararen fata ta Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yau, kuwa ba ta so a faɗi haka, har matsin ya sa Peter Garlake, mai duba wuraren tarihi na ƙasar, ya bar ta a 1970. Ciwon bai tsaya a can ba. Da Leo Frobenius ya ga kawunan mutum-mutumi na Ile-Ife a 1910, cewa ya yi ya gano ragowar Atlantis, birnin da ake cewa teku ta haɗiye.

Littafin Haggard ya zama fim sau da dama. A na 1937 Paul Robeson ya fito a matsayin Umbopa, baran da ashe ɗan sarki ne, kuma muryarsa da kwarjininsa sun danne na turawan da yake wa hidima. Na 1950 an ɗauke shi a gabashi da tsakiyar Afirka, ya ci Oscar biyu. Na 1985, mai Richard Chamberlain da Sharon Stone, a Zimbabwe aka ɗauke shi, shekara biyar bayan ƙasar ta ɗauki sunan kufan nan ta raɗa wa kanta. Sai ga 'yan ƙasar an sa su suna rawa a gefen ƙatuwar tukunyar dafa mutane.

Doka biyu salon ya gada daga nan, bai saki ko ɗaya ba. Ta farko, maginin birni dabam, maƙwabtan birni dabam. Da zancen Finikiyawa ya tsufa sai aka sake magina: a Kingdom of the Crystal Skull na 2008, halittu ne daga wata duniya suka koya wa mutanen Amazon noma da gini. Ta biyu, dole birnin ya rushe kafin a tashi. Birnin Hamunaptra ya nutse cikin yashi a The Mummy na 1999, ƙasa ta tsage a haikalin The Last Crusade na 1989, ruwa ya cinye birnin fim ɗin 2008. Ana cewa horo ne ga mai kwaɗayi. Ni a ganina mai rubutun ne ke neman hanyar fita, don in birnin ya tsaya da ƙafafunsa sai an tambayi na wane ne, kuma jarumin ba shi da amsa mai daɗin ji.

A zahiri ma haka ɓatan yake. Lokacin da Hiram Bingham ya hau Machu Picchu a ƙasar Peru a 1911, wani mutumin yankin, Melchor Arteaga, shi ya kai shi, kuma ya iske iyalai suna noma a kan matakalan birnin. Jami'ar Yale ta yi kusan shekara ɗari riƙe da kayan da ya kwasa kafin ta mayar. The Lost City of Z na James Gray, 2016, ya fi 'yan uwansa gaskiya, domin Percy Fawcett, wanda ya ɓace a dajin Brazil a 1925 yana neman ɓataccen birni, bai ga zinari ba, fim ɗin ma bai ƙirƙira masa ba. Garuruwan kuwa akwai su. Michael Heckenberger ya bi sawunsu a yankin Xingu tare da mutanen Kuikuro, jikokin maginan: hanyoyi masu faɗi, gwalalo kewaye da gari, gini na ƙasa da itace. Irin wannan ba ya ƙyalli a majigi, shi ya sa ba a rububinsa.

Black Panther na Ryan Coogler, 2018, shi ya juya tabarmar. Wakanda, ƙasar Afirka da ke cikin fim ɗin, ba ta ɓata ba, ɓuya ta yi da gangan, kuma Baturen da ya shige ta, a sume aka kai shi jinya. Wurin da Killmonger, mugun fim ɗin, ya tsaya gaban akwatin gilashi a gidan tarihi a Landan, yana tambayar ma'aikaciyar yadda kakanninta suka samu kayan, ya taɓa duk wanda ya san abin da sojan Ingila suka kwasa daga Benin a 1897. Duk da haka fim ɗin bai kuɓuta daga Haggard gaba ɗaya ba. Girman Wakanda a kan vibranium ya dogara, ƙarfen da ya faɗo daga sama, wato har yanzu sai an nemo wa ƙasaitar Afirka dalili daga waje. Alhali Hannah Beachler, wadda ta tsara birnin har ta ci Oscar a kansa, daga masallatan Tambutu ta aro itatuwan nan da ke fitowa a jikin dogayen benayen Wakanda, kuma har gobe mutanen Tambutu ne ke taruwa su taka su, su yi wa masallatan yaɓe.