Masu Tonon Abin da Aka Binne a Wasannin Bidiyo

Kafin wasan bidiyo ya shiga kasuwa, maƙeransa sukan zana wurare da halittu da waƙoƙi masu yawa waɗanda daga baya ake yin watsi da su, sau da yawa kuma ba a goge su daga cikin faifai ba, domin cire su yana iya lalata wani sashen manhajar da ya dogara da su. Akwai kuma samfurin gwaji, wato wasan da ba a kammala ba wanda ake nuna wa 'yan jarida ko mahalarta baje koli.

Masu tonon waɗannan kayayyaki, waɗanda galibinsu 'yan sa-kai ne, sun cancanci yabo, musamman daga ɗaliban kwamfuta irin na cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta Kazaure, domin abin da maƙeri ya yar yakan bayyana yadda ya yi tunani fiye da abin da ya sayar. Misali, samfurin wasan Pokémon Gold da kamfanin Nintendo ya nuna a bikin Space World na 1997 ya ɓulla a 2018, masu bincike kuma suka tarar da halittu da dama da ba su taɓa fitowa ba. Shi kuwa wasan Star Fox 2, an soke shi a tsakiyar shekarun 1990 bayan an kusa gama shi, samfuransa suka yi ta yawo a hannun masu adanawa har Nintendo ya fitar da shi a 2017, shekarar da Frank Cifaldi ya kafa gidauniyar adana tarihin wasannin bidiyo a Amurka.