Jere da Labule: Nazari a kan Adon Ɗakin Mace a Matameye

A ƙasar Hausa namiji ke gina ɗaki, amma mace ke da shi. Shi zai yi gini da rufi da yaɓe ya kafa ƙyaure, sannan iyayen amarya su kawo abin da zai cika shi, tun daga gado har ludayi. Kayan nan mallakarta ne. Ko zama ya ƙi, da abinta take tafiya. Wannan ne ya sa jere ya zama fasahar mata, mai ƙa'idoji da gwanaye da masu suka, ko da yake ba a makaranta ake koyonsa ba. Nazarin nan zai dubi yadda jere yake a Matameye da kewayenta, da matsayin da labule ya samu a cikinsa, da kuma tambayar da ba a cika yi ba ranar ganin ɗaki: shin ɗakin da aka ƙawata yana da daɗin zama ga mai shi?

Gari a bakin hanya

Matameye, babban garin gundumar Kance a jihar Damagaram, tana kan titin da ya rabu da babbar hanya a Takieta, ya gangara Ɗan Barto, ya tsallaka iyaka a Kwangwalam, ya bi ta Daura ya shiga Kano. Ta wannan titi yayi ke shigowa gari. Yadin labule da zanin gado da ledar tsakar ɗaki galibi daga Kano ake saro su, musamman kasuwar Kantin Kwari, wasu kuma daga kasuwar Dole ta Damagaram. Mafi yawan yadin ma ba a yankinmu aka saƙa shi ba. Tun da masaƙun Kaduna da Kano suka durƙushe, har babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007, kayan Sin ne suka mamaye rumfuna.

Don haka ɗakin amaryar Matameye na jin duk motsin da aka yi a iyaka. Karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, da rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, da faɗuwar naira tun daga tsakiyar 2023, kowannensu ya taɓa farashin gado da katifa da labule. Uwar amarya kan san canjin sefa da naira fiye da ɗan kasuwa, domin shekara da shekaru take tari: kuɗin adashi, da na akuyar kiwo, da ribar man gyaɗa da ƙuliƙuli, da bikin da ta zuba wa ƙawaye take jiran a mayar mata ninki.

Ƙa'idar tsohon jere

Kakanninmu da ƙorai suka fara. Bayan an yi daɓe an shafe shi da makuba, an shafa wa bango farar ƙasa, sai a jera ƙorai masu zane, babba a ƙasa ƙarami a bisa, a rufe da faifai masu launi. Daga baya tasoshi suka shigo, sai langa da fanteka, sai tangaran, sai samira, har aka zo zamanin kuloli da kabad mai gilashi. Gadon ma ya yi tafiya: na ƙasa, na kara, na ƙarfe mai rumfa, zuwa na katako mai faffaɗan allon kai da ake yayi yanzu. Littafin tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya nuna yadda matan ƙasar Zazzau ke haɗa wa amarya kayan ɗaki tun farkon ƙarnin da ya wuce. Barbara Cooper kuma, a littafinta kan aure a Maraɗi na 1997, ta bayyana cewa kayan ɗaki ma'auni ne na darajar mace da yawan jama'ar da ke bayanta.

Abin lura a tsohon jere shi ne yana da tsari da ido ke iya karantawa. Ana jera kaya bisa girma. Abin da aka sa a dama sai an sa ɗan uwansa a hagu. Bango ɗaya ake ba wa jere, yawanci wanda mai shigowa zai fara cin karo da shi, gado ya ɗauki wani ɓangaren, tsakar ɗaki kuwa a bar ta fili don tabarma, domin a nan ake sallah, a nan ake cin abinci, a nan baƙi ke zama. Maimaita siffa ɗaya, wato da'irar kwano a kan da'irar kwano, shi ke sa kaya masu yawa su zama abu guda a ido. Irin wannan lissafi na daidaita dama da hagu shi ne magina suka yi a fuskokin gidajen unguwar Birni ta Damagaram; maza suka zana shi a waje, mata suka jera shi a ciki.

Kada a ɗauka tsohon jere ba shi da aibi. Shi ma akwai gasa a cikinsa, akwai kwanonin da ba a taɓa zuba musu tuwo ba har suka yi tsatsa. Sai dai yana da uzuri guda: ajiya ce. Ranar da ta ɓaci, mace na iya zare tasa ko langa ta ba dillaliya. Labulen bango da filawar roba da fitilun ado na yau ba su da wannan daraja; da zarar sun koɗe, sun zama shara.

Aikin labule

Kafin yadi ya wadata, asabari da tufaniya ne a ƙofar ɗaki. Suna tare ido, suna barin iska ta ratsa. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango da ƴar ƙaramar taga can sama ba ya bukatar wani abu bayan wannan. Ginin bulo da rufin kwano da manyan tagogin ƙarfe su ne suka mayar da labule dole, domin sun shigo da rana da ƙura da idon mai wucewa.

Aikinsa na farko sutura ne. A gidan da kishiyoyi da surukai da yara ke tsakar gida ɗaya, ba a rufe ƙyaure da rana. Wadda ta yi haka za a ce ba ta son mutane. Labule ne ke ba mace damar barin ƙofa a buɗe alhali sirrinta a rufe. Sakin labule magana ce da kowa a gida ke ganewa, haka ma ɗage shi. A bakinsa ake tsayawa a yi sallama, kuma wannan ya dace da ladabin neman izini da Suratun Nur ta koyar. Malamai kan kuma tunatar da hadisin labulen Nana A'isha mai hotuna, wanda aka sauke ta mayar da shi matasai, shi ya sa gidaje da yawa ke kauce wa yadi mai siffar mutum ko dabba su zaɓi mai fure ko zane.

Aikinsa na biyu kariya ce daga yanayi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce, daga Maris zuwa Mayu zafin bazara da kan haura digiri 40, sannan damina da saurayenta. Labulen da ya dace da Matameye shi ne wanda za a iya saukewa a wanke da bokiti biyu na ruwa, ya bushe kafin la'asar.

Inda ma'auni ya kuɓuce

Yau samfurin ɗaki daga waya ake ɗauko shi: hotunan Facebook da TikTok, da falukan finafinan Kano da na Indiya da na Turkiyya. Hotunan nan an ɗauke su a ɗakuna masu faɗi da tsawon rufi da na'urar sanyaya wuri. Sai a kwaso kayan irin wannan falo a ɗura su a ɗaki mai mita 3 a kan 4. Gado ya cinye rabi, almuwar, wato durowar tufafi, ta tare taga, kujeru suka haɗe gwiwa da kabad, mai ɗaki ta rasa inda za ta shimfiɗa abin sallah. Tsakar ɗakin da tsohon jere ya kare ita ce ta fara tafiya.

Labule ya fi kowane kaya shan wannan wahala. An koma zagaye bango huɗu da shi, mai nauyi, mai sheƙi, mai tattara da geza, na zaren roba wanda iska ba ta ratsa shi. A ƙarƙashin rufin kwano, a garin da wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, irin wannan ɗaki ba ya zaunuwa da rana. Amarya sai ta koma rumfa ta bar adon yana gadin kansa. Bayan yadin kuwa ƙura ke taruwa, sauro ke laɓewa, gara na cin bango ba mai gani. Ga haɗarin wuta: kaskon turare ko kyandir a kusa da yadin roba ba abin wasa ba ne. Akwai ma wata asarar da ba a lura da ita. Gado mai rumfa yana da inda ake ɗaura gidan sauro, gadon yayi ba shi da shi, kuma wasu matan na ƙin buga ƙusa don kada su ɓata ado, a yankin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara kowace damina.

Gyaran bai da tsada, kuma teloli da ƴan jere masu ido sun san shi. A auna ɗaki kafin a je kasuwa. Faɗin yadi ya kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na faɗin taga, don ya yi tattara ba tare da ya yi tulin da zai tare iska ba. A kafa sandarsa sama da goshin taga, ɗaki zai ƙara tsawo a ido. Gindinsa ya tsaya kamar yatsu huɗu sama da ƙasa, saboda shara da guga. Na ƙofa a yi masa kalmasa mai nauyi don kada iska ta riƙa yaye shi. Tagar da ke kallon gabas ko yamma ita ke bukatar mai kauri, amma mai hasken launi, domin baƙi da ja mai duhu na riƙe zafi. Mai shara-shara na rana ne kawai. Da dare in an kunna fitila, na waje yana ganin komai. Game da launi kuwa, biyu ko uku sun isa. In zanin gado ya cika fure, labule ya zama lami. In labule ne mai zane, sauran su yi shiru. A bar abu ɗaya ya zama shi ido ke fara sauka a kai, kamar yadda bangon jere yake a da. Daidai ruwa daidai tsaki.

Zaɓin wa ake bi?

Masu ba da shawarar adon gida a ƙasashen Turai da Amurka kullum maganarsu ita ce ɗaki ya nuna halin mai shi. A wurinmu, ɗakin amarya halin danginta yake nunawa. Uwa ce ke saye, gwaggo da inna da ƙawayen uwa ne ke jere, sau da yawa amarya ba ta ga ɗakinta ba sai daren da aka kai ta. Masu yanke hukunci kuwa su ne matan da za su zo ganin ɗaki su fita da labari. Wannan tsari na da kyawunsa, domin yana shaida wa dangin miji cewa yarinyar nan tana da gata. Amma shi ne ya sa ɗakunan amaren shekara guda ke zama iri ɗaya, kuma shi ne ke jefa iyaye cikin bashi, har a sayar da gona ko a jinkirta aure. Adeline Masquelier ta rubuta yadda wa'azin rage tsadar aure ya ci karo da turjiyar iyaye mata a Dogon Dutse, inda suke ganin kai yarinya ɗaki babu gado tozarci ne. A Kano ma, lokacin da gwamnati da hukumar Hisba suka fara aurar da zawarawa a 2012, sai da aka haɗa wa amaren kayan ɗaki. Ke nan al'adar ta yi ƙarfin da wa'azi kaɗai ba zai tumɓuke ta ba. Gyara take bukata.

Ɗanɗanon mace na gaskiya sai bayan shekara biyu ko uku yake bayyana, lokacin da ta haihu, ta sauke labulen bango, ta fitar da kujera ɗaya waje, ta matsar da gado don iska ta samu hanya. Duk mai son sanin gwanar ado ya shiga ɗakin mai ƴaƴa uku, ya bar na amarya. A can zai ga labulen atamfa da ta zaɓa da kanta, da faifan da ta saƙa, da ƙwarya ɗaya ko biyu na gado da ta ƙi rabuwa da su. Irin wannan ɗaki ya fi na hoton waya faɗin ko wace ce mai shi, kuma kuɗinsa na shiga hannun telan unguwa da masaƙa tabarma da kafintan gari.

Kammalawa

Jere fasaha ce da ta san ma'auni tun kafin waya ta zo, kuma ba sabon kaya ne ya ɓata ta ba, domin ta karɓi langa da tangaran da kabad ba ta rasa tsarinta ba. Abin da ya ɓata ta shi ne sayen kaya don idon ƴan kallo na yini guda, a manta da wadda za ta kwana ta tashi a ɗakin shekara da shekaru. Kira ga iyaye mata da ƴan jere na Matameye da Kance da ƙauyukansu shi ne su tambayi yarinya launin da take so kafin su tafi kasuwa, su auna ɗaki, su bar wa taga hanyar iska, su tanadi wurin gidan sauro. Kuɗin labulen bango huɗu kuwa, in aka saya mata tunkiya ko keken ɗinki da shi, ya fi mata amfani.