Begen jiya da maganar yau: nazari a kan jerin wasannin Degrassi

1. Gabatarwa

A watan Janairu na 2022 aka ba da sanarwa cewa tashar HBO Max za ta fito da sabon Degrassi mai kashi 10 a shekara ta 2023. Kafin watan Nuwamba na 2022 ya ƙare an soke maganar. Masoyan wasan da dama sun yi baƙin ciki, suna roƙon a dawo musu da shi. Wannan ƴar maƙala za ta duba abu guda: idan suka ce «a dawo da shi», mene ne wannan «shi» ɗin yake nufi? A ganinmu, nan matsalar take, kuma matsala ce ta harshe.

2. Tarihin wasan a taƙaice

Degrassi sunan wani titi ne a gabashin birnin Toronto na ƙasar Kanada. Linda Schuyler, wadda malamar makaranta ce a da, da abokin aikinta Kit Hood, su suka soma shirin a 1979 da labarin yaran unguwa. Daga 1987 zuwa 1991 tashar CBC ta nuna Degrassi Junior High da Degrassi High, wanda masu kallo a Faransa suka sani da sunan Les Années collège. An rufe wannan zamani da fim guda a 1992. A 2001 aka buɗe The Next Generation, ya yi zango 14 har 2015. Next Class ya biyo baya a 2016 da 2017, da kashi 40.

Abin da ya bambanta shi da takwarorinsa na Amurka shi ne, a shekarun 1980 ƴan wasan yara ne na sosai, masu ƙurajen fuska da muryar da ba ta gama fashewa ba, ba manya da aka sa wa rigar ɗalibai ba. Kuma ba ya kauce wa magana mai nauyi: a 1987 wata ɗaliba mai suna Spike ta yi ciki tana da shekara 14, ta haihu, ta riƙe ɗiyarta. A 2004 an yi wani kashi a kan zubar da ciki wanda tashar da ke nuna wasan a Amurka ta ƙi sakawa sai a 2006.

3. Kalmomin bege

Kalmar Faransanci nostalgie asalinta sunan cuta ne. Johannes Hofer, ɗalibin likitanci a Basel, shi ya ƙirƙiro ta a 1688 daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar «komawa gida» da «zafi». Ciwon wuri ne, maganinsa a koma. Daga baya ma'anar ta tashi daga wuri ta koma kan lokaci, shi kuwa lokaci ba ya da hanyar komawa.

Hausa ta fi rarrabe abin. Muna da kewa, watau jin gurbin wanda ba ya nan. Muna da marmari, son abin da aka daɗe ba a ɗanɗana ba. Muna da bege, wanda zuciya ke yi wa abin da ya yi nisa ƙwarai. Marmari yana wucewa da zarar an samu. Kewa tana wucewa in an sadu. Bege ne kaɗai samu ba ya kashe shi. Kamfanin da ya mallaki wasa yana lissafi da marmari: a ba su, su saya. Amma abin da ke damun mai shekara 40 da ya girma da Degrassi bege ne, domin ba makarantar yake nema ba, yaron da ya zauna yana kallonta yake nema.

4. Wa ake yi wa magana?

Kowane zance yana da mai faɗi da wanda ake faɗa wa. Wasan samari da ƴan mata yana magana da ɗan shekara 14, da karin maganarsa. Masu nazarin harshe sun san cewa babu nau'in magana mai saurin tsufa kamar saran bakin matasa, domin aikinsa shi ne shata iyaka tsakaninsu da manya. Ranar da uba ya gane kalma, ranar ta mutu a bakin ɗa. Saboda haka sabon wasa yana tsakanin hanya biyu. In ya yi maganar jiya, yaran yau za su ji muryar iyayensu, su kashe akwatin. In ya yi maganar yau, tsofaffin masoya za su ce wannan ba Degrassi ba ne.

Masu shirin sun taɓa warware wannan ƙulli sau ɗaya, a 2001. Kashin farko yana da zare biyu: tsofaffin ɗalibai sun taru bikin shekara 10 da barin makaranta, ita kuwa Emma, ɗiyar nan da Spike ta haifa, ta faɗa tarkon wani babba da ya yaudare ta a intanet da sunan shi yaro ne. Manya suka ga abokansu, yara suka ga hatsarin zamaninsu. Sunayen kashi-kashi ma shaida ne: da yawa daga na The Next Generation sunayen waƙoƙin shekarun 1980 ne, watau ƙyafta ido ga iyaye. A Next Class kuwa kowane suna da alamar # yake farawa, irin rubutun dandalin sada zumunta. An sake wanda ake yi wa magana, kuma da yawa daga tsofaffin masu kallo ba su bi ba.

5. Iri uku na «dawowa»

Ya kamata a rarrabe abu uku da ake haɗawa a kalma ɗaya. Na farko ci gaba: makaranta tana nan, ɗalibai sababbi. Na biyu sake gini: a ɗauki suna a soma labari daga tushe. Na uku zumunci: a tara tsofaffin fuskoki a gaisa.

Abin da yawancin masu roƙo ke so na ukun ne, kuma sun riga sun samu. A 2018 mawaƙi Drake, wanda ya fito a matsayin Jimmy Brooks kafin ya shahara, ya tara abokan wasansa a hoton bidiyon wata waƙarsa, a cikin ginin da aka ɗauki shirin. Minti kaɗan suka ishe shi, domin zumunci ba ya da labari: in an gaisa, an gama. Kuma ba ya cika: Neil Hope, wanda ya yi Wheels, ya rasu a 2007, jama'a ba su ji ba sai a 2012.

Na farkon ne ya raya wasan kusan shekara 40. Ƙarfin Degrassi shi ne yaye ɗalibansa; jarumi ya gama aji, ya tafi, wani ya gaji kujerarsa. Wanda ya daɗe, kamar Snake, sai da ya sake matsayi, ya zama malami, daga baya shugaban makarantar.

6. Kammalawa

Ba mu ce bege laifi ne ba, shi ne alamar cewa wasan ya yi aikinsa. Amma in aka bar shi ya riƙe alƙalami, za a rubuta wa manya wasan yara, a bar yara ba mai yi musu magana a kan abin da ba su iya tambayar iyayensu. Wannan ita ce asarar, domin don su aka ƙirƙiro shirin tun farko. In Degrassi zai dawo da gaskiyarsa, alamar ita ce tsofaffin masoyansa su kalla su kasa gane rabin abin da ake faɗi. Kowa ya bar makaranta, ai ya bar wa na baya bencinsa.