Tutar da ba a gane ba: a kan wasan Rule the Waves

Ni dai ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi faɗi da na sani shi ne kogin Isa a Yamai in ya cika. Amma wata guda ke nan ina jagorancin jiragen yaƙin Jamus a tsohuwar kwamfutar abokin ɗakina, duk daren da ba a ɗauke kuran ba. Wasan sunansa Rule the Waves, na Fredrik Wallin, ya fito a 2015, kuma yana ɗaukar ka daga shekarar 1900 zuwa 1925. Kai za ka tsara jiragenka, ka raba kuɗin gina su, in yaƙi ya tashi ka fita da su.

Wanda ya saba da wasanni masu wuta da ƙara zai raina shi. Taswira ce shuɗiya, jiragen kamar ƙwayar shinkafa, komai da Turancin Ingila. Ƴan fadarmu da sunka leƙa sun ce gara dara. Ban yi musu gardama ba, don abin da ya riƙe ni ba a ganinsa da leƙe.

Wasan yana ba ka zaɓi kan yawan ikon da kake so. A matsayi mafi sauƙi, kowane rukunin jirage yana hannunka, ka juya shi yadda ka ga dama. A matsayin babban kwamanda kuwa, rukunin da jirginka yake ciki kaɗai kake tuƙawa. Sauran sai dai ka ba su aiki: wannan ya biyo ni a layi, wancan ya yi gaba ya leƙo, ƙanana masu tofido su tsare gefe. Daga nan sai ido. Lokaci yana tafiya minti-minti, hayaƙi yana rufe gani, rana tana faɗuwa. Wani dare na sha wuya har na gitta layina a gaban layin Ingila kamar kan harafin T, inda duk manyan bindigogina ke iya harbi, su kuma na gabansu kaɗai. Ina murna, sai saƙo ya fito cewa rukuni na biyu bai gane siginar ba. Ina kallo sunka karkata sunka nufi wani wuri daban. Wallahi sai da na yi wa kwamfuta tsawa.

A nan wasan ya yi gaskiya. Kwamandan wancan zamani magana yake yi da tutoci, mutane ne ke karanta ta daga nesa cikin hayaƙin gawayi, kuma magana tana ɓata a hanya. Duk wasan da ya bar ka ka danna jirgi hamsin su juya lokaci guda, ƙarya yake maka game da mene ne umarni.

To amma gaskiyar rabi ce, kuma nan ne ƙorafina. Ku dubi abin da ya faru a Dogger Bank, cikin Tekun Arewa, ran 24 ga Janairu 1915. Jiragen Ingila ƙarƙashin Beatty suna korar na Jamus. An lalata jirginsa Lion, wutarsa ta mutu, ya fara zama baya, ba abin da ya rage masa sai tuta. Ya sa anka ɗaga umarnin a kai hari kan bayan abokan gaba, alhali tutar da ke cewa a nufi arewa maso gabas ba a sauke ta ba tukuna. Jimla biyu ce, amma sauran jiragen sun karanta su jimla ɗaya: a kai hari kan bayan abokan gaba da ke arewa maso gabas. A wannan kusurwa kuwa jirgi ɗaya ne, Blücher, wanda ya riga ya jikkata. Sunka taru a kansa sunka nutsar da shi, manyan jirage uku na Hipper sunka tsere gida.

Duk wanda ya zauna ajin ginin jimla ya san wannan cuta. Babu wanda ya kasa ganin tuta, babu wanda ya ƙi biyayya. Aya ce babu tsakanin magana biyu, mai karatu ya haɗa su, kuma haɗin ya yi ma'ana. Laifin yana cikin saƙon, a hannun wanda ya tsara shi.

A Rule the Waves ba ka taɓa tsara saƙo. Ka zaɓi alkibla da gudu, wasan ya jefa ƙuri'a a ɓoye, in ta faɗa maka sai a ce ba a gane ba. Ba za ka koma ka ce ga kalmar da na sa ba daidai ba, don ba ka sa kalma ba. Shi ya sa haushin da na ji daren nan haushin wanda ruwa ya doka ne, babu kunya a ciki. Da za a ba ni ɗan littafin tutoci, ko talatin ne, a tilasta mini in harhaɗa umarnina da su, in yanke shawarar lokacin sauke ta farko kafin ɗaga ta biyu, da kuskuren ya zama nawa.

Wani abu kuma, a taƙaice: Afirka ta Yamma tana cikin taswirar, amma yankin teku ne mai mallakokin da ake ƙwacewa a teburin sulhu. Na ƙwaci ɗaya daga hannun Faransa, na yi dariya, can kuma dariyar ta tsaya mini a wuya.

Duk da haka ina ba ku shawara ku gwada shi, kuma ku ƙi matsayi mai sauƙi. Ba ya buƙatar kwamfuta mai ƙarfi. Ku ajiye ƙamus kusa, ku riƙa adana wasan kafin kuran ya tafi. Ni yanzu ina 1912, kuma rukuni na biyun nan na mayar da shi dab da bayan jirgina, inda ko ya ɓata ina ganinsa.