Asirin Gida a Littattafai Biyu: Jiki Magayi da Une si longue lettre

Duk wanda ya karanta Jiki Magayi, sannan ya bi shi da Une si longue lettre na Mariama Bâ, zai ga jigonsu ya yi kusa da juna: aure da aka ƙulla a kan hawayen wani, da asirin da ke cin gida daga ciki. Sai dai abin da kowanensu ke bari a zuciyar mai karatu ya sha bamban.

Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East yana cikin littattafai biyar da suka fito bayan gasar da aka shirya a Zariya a 1933. Malam Shaihu, attajirin da bai sami haihuwa ba, ya yi amfani da dukiyarsa ya raba Zainabu da masoyinta Abubakar. Abubakar ya shiga duniya neman sihirin ramuwa, sihirin kuwa ya faɗa kan Kyauta, ɗan da aka haifa a wannan aure. Yaron ya zama ɓarawo, har ya kashe mahaifinsa bai san shi ba ne. A nan mai karatu ya san asirin tun da wuri, Kyauta ne kaɗai ke cikin duhu. Saboda haka tsoro ke jan karatun, kamar mutum yana kallon makaho ya nufi rijiya. Rauninsa shi ne Zainabu, wadda a kanta aka yi rigimar, ba a ba ta bakin faɗin abin da ke ranta sosai ba. Ana rufe littafin da jimami da darasi, amma mai karatu yana kallon mutanen ne daga nesa.

Littafin Mariama Bâ ya fito a Dakar a 1979, ya ci kyautar Noma a 1980. Ramatoulaye, malamar makaranta mai ƴaƴa goma sha biyu, tana cikin takaba take rubuta wa aminiyarta Aïssatou wasiƙa. Bayan shekara 25 da aure, mijinta Modou ya auri Binetou, ƙawar ƴarsu Daba, ba ta sani ba sai ranar ɗaurin aure, da liman da wan mijin suka zo gaya mata. Da ya rasu aka zauna lissafin gado, sai ga basussukan da ya ci don amarya sun fito fili. A nan mai karatu yana cikin ɗaki tare da wadda aka ɓoye wa. Ba tsoro yake ji ba, fushi ne da tausayi, wani lokaci har da kunya, domin ya san irin wannan gida a unguwarsu. Shi ma yana da rauni: murya ɗaya ake ji, Modou ya mutu bai kare kansa ba, Binetou kuwa ta bakin kishiyarta muka san ta.

Jiki Magayi ya fi iya ƙulla labari, Une si longue lettre ya fi iya buɗe zuciya. Malamin da ya haɗa su a aji, ko ƙungiyar da ta sa su a zaman karatu guda, za su iya tambayar ɗalibai abin da Zainabu za ta rubuta da ita ce ke riƙe da alƙalami.