Muƙabalar waya da karatun da aka bari

Muƙabalar addini ta bar dandali ta shige cikin waya. A da sai a kafa lasifika a tara jama'a, ko a sayo kaset ɗin Ahmed Deedat a zauna a ji hujja har ƙarshenta. Yanzu minti ɗaya ne a TikTok: malam ya kayar da fasto, fasto ya rufe bakin malam, an datse bidiyon daidai inda ɗayan zai ba da amsa. Ka leƙa kasuwar kifi ta Kado da yamma, za ka tarar da masu gyaran kifi da 'yan dako, Musulmi da Kirista, sun yi cincirindo a kan waya guda, hannu duk ƙarni, kowa na jiran a ci fuskar gwanin wancan. Wannan dambe ne, ni ban ga ilimi a ciki ba.

Abin ban takaici, masu wannan sana'a da yawa ba su san William Lane Craig ba, alhali aikinsa ya shafe su kai tsaye. Ba'amurke ne, an haife shi a 1949, Kirista da ya riƙe addininsa gam. Ya yi digirin digirgir a falsafa a Jami'ar Birmingham ta Ingila a hannun John Hick, kuma a 1979 ya fitar da littafin da ya ɗaga sunansa, kan hujjar samuwar Allah ta malaman ilimin kalam. A wurin wa ya samo ta? Wurin Alkindi da Imamu Gazali, wanda ya rasu tun 1111.

Hujjar ba ta da tsawo. Duk abin da ya fara samuwa, akwai abin da ya samar da shi. Duniya ta fara samuwa. To, lalle akwai wanda ya samar da ita. Craig ya tallafe ta da lissafi, cewa kwanakin da suka shuɗe ba za su kasance marasa farko ba, sannan da binciken masana taurari kan yadda sararin samaniya ke buɗewa. Da ita ya yi ta fafatawa da waɗanda ba su yarda da Allah ba, har da Christopher Hitchens a 2009. Almajirin da ya durƙusa a zauren Kano ko Zariya ya karanta Ummul Barahina ta Shehu Sanusi, yana jin wannan zai yi murmushi, don da faruwar duniya littafin ya kafa dalilin samuwar Ubangiji.

Kada a ɗauka Craig ya sassauta wa Musulunci. Ina! Yana kare Triniti, ya kuma yi muƙabala da malamin Musulunci Shabir Ally. Amma ya karanta littattafan mutanen da yake jayayya da su, ya ɗauki abin da ya gamsar da shi, ya ambaci masu shi da sunansu. A nan gida ma Bishop Josiah Idowu-Fearon, tsohon shugaban cocin Angilika na Kaduna, ya je ya karanci Musulunci a jami'a, ya dawo yana koyar da Kiristoci.

Saboda haka, jama'a, kafin ku tura wa wani bidiyon malam ko fasto, ku tambayi gwanin naku littafi nawa na ɗaya ɓangaren ya sauke daga bango zuwa bango. Idan ya kasa kawo ko ɗaya, ku adana datarku.