Kujera Tana Toshe Kunne: Sharhi a kan Littafin Keltner

A 2016 Dacher Keltner, malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, ya fitar da littafinsa The Power Paradox. Maganarsa ita ce, da sauraro da kyautatawa mutum yake samun shugabanci, amma da ya hau kujera sai mulkin ya cinye halayen nan, ya fara ganin shi kaɗai ne mai daidai.

Ya kawo wani gwaji: an zaunar da mutum uku, aka naɗa ɗaya shugaba ba don ya fi kowa ba, aka kawo biskit. Galibi shugaban ne yake ƙara ɗauka, yana ci baki buɗe. Wanda ya taɓa zama a kwamitin masallaci ya san wannan hali.

Sai dai littafin ya gano cuta, maganinsa ne bai kai ba. Yana ce wa shugaba ya riƙe tausayi da godiya. To, wanda kunnensa ya riga ya toshe, wa zai tuna masa? Dole a samu masu iya ce masa "ka yi kuskure" ba tare da tsoro ba. A Badar, Hubabu ɗan Munzir ya ba da shawarar sauya wurin sauka, Manzon Allah (SAW) kuma ya karɓa.

Ɗalibai, ku karanta shi, amma ku haɗa da babin shawara. Allah ya sa mu dace.